Makaron duba rubutu a fom ɗin Word da aka kulle: yadda ake gano inda ya maƙale

Da zarar an kulle takardar Microsoft Word a matsayin fom, jan layin nan da ke fitowa a ƙarƙashin kalmar da aka rubuta ba daidai ba sai ya ɓace. F7, maɓallin da ke kiran duba rubutu, ya daina aiki, maɓallin duba rubutu da ke shafin "Review" ya dushe. Masu aikin kwamfuta a ofisoshin Birnin Kebbi, da masu shagunan buga takardu a Argungu, Yauri ko Zuru, suna cin karo da wannan a irin fom ɗin da ake turawa ƙananan hukumomi a cika a dawo da shi: rahoton wata, takardar neman hutu, bayanan ma'aikaci. Fom ya dawo cike da kurakuran Turanci, shugaban sashe ya ce a gyara, wani ya samo makaro, wato ɗan jerin umarni da Word ke aiwatarwa da kansa, ya liƙa, sannan sabuwar matsala ta fara.

Kwamfutar ba ta lalace ba, haka aka gina Word. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, kullen da ake zaɓa a "Restrict Editing" mai suna "Filling in forms" yana kashe na'urar duba rubutu a duk sashen da aka kulle. Na biyu, rubutun da ke cikin tsofaffin guraben fom yana ɗauke da alamar da ke ce wa Word kada ya duba shi, wadda a allo ake kira "Do not check spelling or grammar". Saboda haka makaron da zai yi aiki dole ya yi abu huɗu bi da bi: ya buɗe kullen, ya cire waccan alama ya sa harshe, ya duba rubutun, ya mayar da kullen ba tare da ya goge amsoshin ba. Kusan duk matsalar da za ka gani tana cikin ɗayan waɗannan huɗun, ko kuma makaron bai ma tashi ba tun farko. Aikinka shi ne ka gano a wane mataki ya tsaya. Canja layuka barkatai da fatan a dace shi ne ke cinye wa mutane yini.

Kafin ka taɓa komai

Ka yi kwafin fom ɗin, ka yi gwaji a kan kwafin. Makaron nan yana iya goge duk abin da aka cika cikin ƙiftawar ido.

Daga nan ka tabbatar da irin fom ɗin da ke hannunka, domin Word yana da gurabe iri biyu da suke kama da juna a ido. Akwai tsofaffi, masu launin toka, da ake ɗaukowa daga "Legacy Tools" a shafin "Developer". Akwai kuma sababbi da suka zo tare da Word 2007, waɗanda kan nuna rubutu kamar "Click or tap here to enter text". Idan ba ka ganin shafin "Developer", ka shiga File, Options, Customize Ribbon, ka sa masa alama.

Danna Alt da F11, tagar rubuta makaro za ta buɗe. Danna Ctrl da G, wani ƙaramin fili mai suna "Immediate" zai fito a ƙasa. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter bayan kowanne:

```
? ActiveDocument.ProtectionType
? ActiveDocument.FormFields.Count
? ActiveDocument.ContentControls.Count
```

Layin farko zai ba ka lamba. 2 na nufin an kulle a matsayin fom, -1 na nufin babu kulle, 3 na nufin kullen karatu kawai. Layi na biyu yana ƙirga tsofaffin gurabe, na uku sababbi. Idan na biyu ya ce 0 na uku ya ce 30, to makaron da ke bin tsofaffin gurabe zai gama zagayensa bai taɓa komai ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba. Wannan kaɗai ya isa ya warware wasu matsalolin da ake ta kai-komo a kansu.

Makaron da za mu yi aiki da shi

A tagar makaro, ka duba jerin da ke hagu, ka zaɓi sunan fom ɗinka, ba Normal ba, wato babban samfurin da Word na kwamfutarka ke amfani da shi. Sannan Insert, Module, ka rubuta wannan:

```
Option Explicit

Public Sub DubaRubutunFom()
    Const SIRRI As String = ""
    Dim fom As Document
    Dim gurbi As FormField
    Dim adadi As Long, i As Long
    Dim tsohonSaiti As Boolean

    Set fom = ActiveDocument
    If fom.ProtectionType <> wdAllowOnlyFormFields Then
        MsgBox "Ba a kulle wannan takarda a matsayin fom ba."
        Exit Sub
    End If

    tsohonSaiti = Options.IgnoreUppercase
    On Error GoTo Kulle
    fom.Unprotect Password:=SIRRI
    Options.IgnoreUppercase = False
    fom.SpellingChecked = False
    adadi = fom.FormFields.Count

    For i = 1 To adadi
        Set gurbi = fom.FormFields(i)
        If gurbi.Type = wdFieldFormTextInput Then
            If gurbi.Enabled And gurbi.TextInput.Type = wdRegularText Then
                gurbi.Select
                Selection.LanguageID = wdEnglishUK
                Selection.NoProofing = False
                If gurbi.Range.SpellingErrors.Count > 0 Then
                    gurbi.Range.CheckSpelling
                    If fom.FormFields.Count < adadi Then
                        Do While fom.FormFields.Count < adadi
                            If Not fom.Undo Then Exit Do
                        Loop
                        MsgBox "Gyaran ya share gurbi. An mayar da shi. Gyara kalmar da hannu."
                    End If
                End If
            End If
        End If
    Next i

Kulle:
    If Err.Number <> 0 Then MsgBox "Kuskure " & Err.Number & ": " & Err.Description
    Options.IgnoreUppercase = tsohonSaiti
    If fom.ProtectionType = wdNoProtection Then
        fom.Protect Type:=wdAllowOnlyFormFields, NoReset:=True, Password:=SIRRI
    End If
End Sub
```

Za ka lura ba a sa ƙ, ɗ ko ɓ a ko'ina cikinsa ba. Da gangan ne. Tagar rubuta makaro ba ta karɓar baƙaƙe masu ƙugiya, tana mayar da su alamar tambaya, haka ma akwatin saƙon da MsgBox ke fitarwa. Sai ka zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya, musamman a sunan makaron.

Akwai gajeren makaro da ya fi wannan yaɗuwa, wanda ke zaɓar takardar gaba ɗaya ya duba ta. Yana aiki, amma ban ba da shawararsa ba. Yayin da akwatin gyara yake buɗe, mai cikawa yana iya canja kalmomin tambayoyin da kansu, alhali don hana hakan aka kulle fom ɗin. Sannan kowane mai cikawa sai ya sake bi ta kan sunan ma'aikata da adireshin da ke saman takarda. Bin gurabe ɗaya bayan ɗaya ya fi tsawo a rubuce, amma abin da mutum ya cika kawai yake dubawa.

Idan ko motsi bai yi ba

Fara da sunan fayil. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarewa da docx ba ya ɗaukar makaro. Idan ka adana a haka, Word zai yi gargaɗi, kuma idan ka amsa da "Yes" ba ka karanta ba, makaron ya tafi da zarar ka rufe takardar. Sai docm, ko dotm idan samfuri ne da ake fitar da sababbin takardu daga cikinsa, ko tsohon doc.

Na biyu, inda makaron yake zaune. Wannan shi ne sanadin maganar nan da aka saba ji: "Wallahi Malam, a kwamfutata yana yi." Idan an rubuta shi a cikin Normal, to yana cikin kwamfutar mai haɗa fom ɗin ne, ba cikin fom ɗin ba. Fom ya isa Jega ko Bagudo, makaro yana Birnin Kebbi. Haka nan idan yana cikin samfurin dotm, takardar da aka fitar daga samfurin ba ta ɗauke shi ba, tana dai jingina da samfurin ne. Fom ɗin da zai yi tafiya, a sa makaron a cikinsa, a adana shi docm.

Na uku, tsaro. Idan rawayen layi ya fito a sama, sai a danna "Enable Editing", sannan "Enable Content". Tun 2022 kuma Microsoft ya ƙara tsauri: fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, ta imel ko ta burauza, yana zuwa da tambari, sai jan layi ya fito ya ce an toshe makaro, ba tare da maɓallin amincewa ba. Maganinsa shi ne a rufe takardar, a danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a sa alama a "Unblock". Ofishin da ke karɓar irin fom ɗin kullum zai iya ware masa jaka guda a "Trusted Locations" da ke cikin Trust Center. Abin da ba zan yarda a yi ba shi ne a je a zaɓi "Enable all macros". Kwamfutar shago da filashi goma ke shiga cikinta a yini ba ta da hurumin buɗe wannan ƙofa.

Na huɗu, wanda ba shi da magani: Word na wayar hannu da Word na burauza ba sa tafiyar da irin wannan makaro sam. Idan yawancin masu cikawa a waya suke buɗe fom ɗin, ka tsallaka zuwa sashen ƙarshe na wannan jagora.

Sai kuma layin da ya koma ja a tagar makaro. Yawanci kwafi ne ya jawo. Idan rubutun ya bi ta cikin takardar Word kafin ya iso, alamomin zance miƙaƙƙu sukan koma lanƙwasassu, makaro kuwa miƙaƙƙu kawai ya sani. Idan ta saƙon waya ya bi, dogon layi kan karye biyu. Goge alamomin ka sake buga su da hannu, ka haɗa layin da ya karye, sannan ka shiga Debug ka danna Compile. Zai kai ka kan layin farko da bai gamsu da shi ba.

Idan ya tashi ya tsaya da lamba

Kada ka rufe saƙon kuskure ba ka rubuta lambar ba. Don ka ga ainihin layin da ya jawo, ka sa alamar ' a gaban layin On Error na ɗan lokaci, ka ajiye linzami cikin makaron, ka riƙa danna F8. Kowane dannawa layi ɗaya yake tafiyarwa, yana haska shi da rawaya. Ka tuna ka cire alamar in ka gama.

5485 na nufin kalmar sirri ba daidai ba ce. Abin da ke tsakanin alamomin zance a layin SIRRI dole ya yi daidai da wadda aka kulle fom ɗin da ita, babban baƙi da ƙarami duka. Idan fom ɗin ba shi da kalmar sirri, a bar wurin fanko. Idan wanda ya kulle ya bar aiki da kalmar a kansa, makaro ba zai fasa maka ba, sai a nemi mutumin ko a sake gina fom ɗin.

4605 tana fitowa idan an nemi Word ya yi abin da halin da takardar ke ciki bai ba da dama ba: a ce ya buɗe takardar da take a buɗe, ko ya kulle wadda take a kulle, ko ya canja harshe alhali kullen yana nan. Karanta ƙarshen saƙon, yakan faɗi dalili. Layukan If da ke tambayar ProtectionType a farko da ƙarshen makaron don wannan aka sa su. 6124 'yar'uwarta ce: an yi ƙoƙarin gyara wurin da ke kulle.

4609 tana zuwa ne ga masu dabarar karanta amsa su gyara ta su mayar ta hanyar Result, wato sunan da makaro ke kiran abin da ke cikin gurbi da shi. Wannan hanya ba ta karɓar rubutun da ya wuce baƙaƙe 255, don haka tana aiki a gurbin suna ta faɗi a gurbin "ƙarin bayani". Makaronmu bai bi ta nan ba.

Duk kuskuren da ya faru bayan an buɗe kulle yana da haɗari guda: makaro ya tsaya, takarda ta zauna a buɗe, mai cikawa bai sani ba, ya adana ya tura. Kamar mai shago ne da ya fita sallah ya bar ƙofa a wangale. Layin On Error GoTo Kulle shi ke tabbatar da cewa ko me ya faru a tsakiya, sai an bi ta kan kullewa kafin a fita. Idan makaron da ka gada ba shi da irin wannan, shi za ka fara ƙarawa.

Tun da kalmar sirri tana rubuce a fili cikin makaron, duk wanda ya san Alt da F11 zai karanta ta. A tagar makaro ka shiga Tools, ka buɗe Properties na aikin, shafin Protection, ka sa alama a "Lock project for viewing" da wata kalmar daban. Wannan yana hana mai leƙe ne kawai, ba ya hana gwani. Kada ka sa wa fom kalmar sirrin da kake amfani da ita a imel ko banki.

Ya ce babu kuskure, alhali ga kuskure a fili

Nan ne aka fi shan wahala, domin babu lamba, babu saƙo. Makaro ya gudu ya gama, "recieved" tana zaune a gurbinta lafiya lau.

Fara da manyan baƙaƙe. Fom ɗinmu na nan ƙasar kusan duk suna cewa a cika da manyan baƙaƙe, wasu masu haɗawa ma sukan saita gurbin ya mayar da komai babba da kansa. Word kuwa yana zuwa ne da saitin "Ignore words in UPPERCASE" a kunne. Ke nan fom ɗin da aka cika yadda aka umarta, Word zai tsallake shi kaf. Shi ya sa makaron ke kashe Options.IgnoreUppercase kafin ya fara, ya mayar da shi yadda ya same shi a ƙarshe. Mayarwar tana da muhimmanci, domin saitin na Word ne gaba ɗaya, ba na wannan takarda kaɗai ba. In ka bar shi a kashe, gobe duk gajerun sunaye irin su NYSC da SUBEB za su cika wa mai kwamfutar allo da jan layi. Akwai makamancinsa na kalmomin da ke haɗe da lamba, Options.IgnoreMixedDigits, amma shi gara a bar shi, saboda lambobin fayil da matakan albashi.

Sai alamar hana dubawa. Don ka gani da idonka, buɗe kullen da hannu, zaɓi rubutun wani gurbi, shiga Review, Language, Set Proofing Language. Idan akwai alama a "Do not check spelling or grammar", to layin NoProofing bai yi aikinsa ba ko babu shi. A nan jeri yana da tasiri: a fara sa harshe, sannan a cire alamar, kuma duka biyun bayan an buɗe kulle. Tsofaffin makaro da aka rubuta don Word 97 ba su da layin NoProofing, domin a wancan zamani sa harshe kaɗai ya wadatar. Idan naka daga can ya samo asali, ƙara layin. Kuma kada ka ce ai ka cire alamar sau ɗaya da hannu lokacin haɗa fom, makaron ya riƙa yi a kowane zagaye.

Idan ka cire alamar ta ci gaba da dawowa, duba salon rubutun da aka ɗora wa sakin layin. Ana iya dasa hana dubawa a cikin salon kansa: danna salon da maɓallin dama, Modify, Format, Language.

Na gaba, ƙamus. A wannan taga ta zaɓen harshe, harsunan da aka girka ƙamusunsu suna da 'yar alama a gefen sunansu. Idan ka sa harshen da ba shi da ƙamus a kwamfutar, Word ba shi da abin da zai auna kalmomin da shi. Na sa wdEnglishUK saboda Turancin Ingila ake bi a takardun ofis da makarantun ƙasar nan. In ka sa wdEnglishUS, "programme", "labour" da "centre" duk za su zama kuskure. Ga fom ɗin da ake cikawa da Hausa, Word ya san harshen, sunansa a makaro wdHausa, lambarsa 1128. Amma sanin suna daban, samun ƙamus daban. Kafin ka dogara da shi ka duba alamar a kowace kwamfutar da za a yi cikawar, ba taka kaɗai ba. Fom mai gauraye, wasu gurabe Turanci wasu Hausa, sai a raba su ta suna: kowane gurbi yana da suna a akwatin "Bookmark" na Properties ɗinsa. Ka sa wa na Hausa sunaye masu farawa da "ha", ka ƙara sharaɗi a makaron ya tsallake su ko ya sa musu nasu harshe:

```
If LCase(Left(gurbi.Name, 2)) <> "ha" Then
```

da End If ɗinsa a inda ya dace. Wannan dabara ita ce kuma maganin guraben suna da gari. Ba amfanin makaro ya tsaya a kan Gwandu, Dakingari, Maiyama da Aliero yana neman a gyara su. Mai cikawa da ke sauri yana iya danna "Change" sunan garinsu ya koma wata kalmar Turanci. Ko dai a tsallake waɗannan gurabe, ko a zuba sunayen a ƙamus na ƙari ta "Add to Dictionary". Tsallakewar ta fi, domin ƙamus na ƙari yana zama a kwamfuta ne, ba ya bin fom.

Na ƙarshe, Word yana tuna cewa ya riga ya duba takarda, yana kuma tuna kalmomin da aka ce ya ƙyale. Lokacin gwaji wannan yana ruɗarwa: ka danna "Ignore All" a zagayen farko, a na biyu ka ga shiru, ka ɗauka makaro ya lalace. Layin SpellingChecked = False yana sa ya sake dubawa. Idan kana so ya manta da waɗanda aka ƙyale, ƙara Application.ResetIgnoreAll a samansa.

Amsoshi sun goge, ko gurbi ya ɓace

Idan bayan makaro ya gama ka ga fom ya koma fanko, dalili ɗaya ne: babu NoReset:=True a layin kullewa. Ba tare da shi ba, Word yana mayar da kowane gurbi yadda yake tun asali. Kada ka adana. Rufe takardar ka ce kada a adana, ka sake buɗe ta, abin da aka adana a baya yana nan.

Ɓacewar gurbi ta fi wannan wayo. Yayin da akwatin gyara yake buɗe, takardar ba a kulle take ba. Idan abin da ke gurbin kalma ɗaya ce tak, kuma mai cikawa ya goge ta ya sake rubutawa a saman akwatin maimakon ya zaɓa daga shawarwarin da ke ƙasa, gyaran yana iya cinye gurbin kansa. Kalmar za ta zauna daidai, amma ta zama rubutu na yau da kullum, kuma da an mayar da kulle ba mai iya taɓa ta. Ba a cika lura ba sai wani ya zo sake amfani da fom ɗin. Shi ya sa makaron ke ƙirga gurabe tun farko, bayan kowane gyara ya sake ƙirgawa, idan sun ragu ya ja da baya har su cika. Shi ya sa kuma yake bin su da lamba, daga 1 zuwa adadi, domin gurbin da aka share aka dawo da shi ba lallai makaro ya gane shi da tsohuwar shaidarsa ba.

Wani abin da ke ba masu cikawa haushi shi ne su danna "Cancel", akwatin ya sake fitowa a gurbi na gaba. In fom ɗin dogo ne, ƙara wannan a matsayin reshe na biyu na sharaɗin ƙirga gurabe, wato kafin End If ɗinsa:

```
ElseIf gurbi.Range.SpellingErrors.Count > 0 Then
    If MsgBox("A ci gaba da dubawa?", vbYesNo) = vbNo Then Exit For
```

Idan kuma Word ya tambaya ko ya ci gaba da duba sauran takardar, amsar ita ce a'a.

Daga Word 2013 zuwa yau, F7 yana buɗe fili ne a gefen allo maimakon tsohon akwati. Wannan fili ba ya tsayar da makaro. Idan makaronka yana kiran maɓallin duba rubutu na saman allo ne, zai buɗe filin ya wuce nan take ya kulle takardar, filin ya mutu a hannun mai cikawa. CheckSpelling kuwa tsohon akwatin yake fitarwa, wanda ke jira sai an gama da shi.

Yadda mai cikawa zai kira shi

Hanya mafi sauƙi ita ce maɓalli a ɗan layin da ke can saman allo. File, Options, Quick Access Toolbar. A hagu zaɓi Macros, a dama kuma, wurin da ke cewa "For all documents", canja shi zuwa sunan fom ɗinka, sannan Add. In ba ka canja ba, maɓallin a kwamfutarka zai zauna. Ka rubuta a saman fom ɗin, da Hausa da Turanci, cewa a danna shi kafin a adana.

Wasu sun fi son ɗaura makaron a gurbin ƙarshe, ta "Run macro on Exit" a Properties ɗinsa. Sunan makaron zai fito a jerin ne kawai idan ba Private ba ne kuma babu komai a cikin baka biyun () da ke bin sunansa. Raunin hanyar shi ne sai mutum ya fita daga gurbin makaron ke tashi. Wanda ya cika gurbin ƙarshe ya adana nan take, ko wanda bai ma kai gurbin ba, ya wuce ba a duba shi ba. Ɗaura shi a kowane gurbi kuwa takura ce, ba mai jure akwati yana tare shi a kowane Tab.

Ko dai a bar makaron

Idan sabon fom za ka haɗa, ko masu cikawa suna warwatse a kwamfutocin da ba ka da iko da saitinsu, ka yi tunani kafin ka ɗora musu docm. Akwai hanya biyu da jan layi ke aiki ba tare da makaro ba. Ta farko, gina fom da sababbin gurabe, zaɓi takardar duka da Ctrl da A, a shafin "Developer" ka danna Group. Rubutun tambayoyi zai daskare, gurabe su zauna a buɗe. Ba ta da kalmar sirri, wanda ya san hanya zai iya warware ta. Ta biyu, a "Restrict Editing" zaɓi "No changes", ka zaɓi wuraren cikawa ɗaya bayan ɗaya kana sa musu alamar "Everyone", sannan ka kulle da kalmar sirri. Duka biyun ana adana su docx, ba jan layin tsaro, ba "Unblock".

Tsofaffin gurabe suna da abin da waɗannan ba su da shi: gurbin da ke lissafi da kansa, iyakance yawan baƙaƙe, tilasta tsarin lamba. Fom ɗin kuɗi da ke tara jimla, ko wanda ofis ya shekara yana amfani da shi kuma wani makaro ke kwashe amsoshinsa, ya cancanci a gyara masa makaron dubawa. Kafin ka sake shi, ka cika kwafi da gangan da kurakurai: kalma ɗaya tak a wani gurbi, manyan baƙaƙe a wani, sakin layi mai tsawo a wani, wani kuma fanko. Gudanar da makaron, danna "Cancel" a tsakiya, sannan ka koma filin "Immediate" ka tambayi ProtectionType da adadin gurabe. Su ba ka 2 da adadin da ka fara da shi. Daga nan ka tura wa kanka fayil ɗin ta imel, ka sauke shi a wata kwamfutar da ba a taɓa buɗe shi ba, ka maimaita gwajin a can.